Motar lantarki a doguwar tafiya: kilomitan da ke takarda da waɗanda ke kan titi

Duk inda aka ajiye motar lantarki a gaban jama'a, kafin ma a tambayi kuɗinta an tambayi abu ɗaya: in an cika batirin, kilomita nawa take ci? Dillali kuwa amsa na bakinsa, 450, 500, wani lokaci har 700. Lambar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ita ke kai matafiyi garin da ya nufa ba. Abin da ke kai shi uku ne: yawan wutar da motar ke sha in ta miƙe a babban titi, yawan kilomitan da take mayarwa cikin batirinta a tsayuwar minti 20, da kuma ko tashar cajin da ke gaba tana aiki a lokacin da aka isa. Shi ya sa motar da takardarta ta ce 400 kan riga mai 500 isa masauki.

Ita wannan lamba ba a kan titi ake samo ta ba. A ɗakin gwaji ake ɗora motar bisa wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, tayoyi na gudu mota na nan tsaye, ana bin wani tsararren jadawali na taka totur da taka birki. Jadawalin Turai, WLTP, wanda ya fara aiki a 2017, zagaye ne na minti 30, tsawonsa kilomita 23 da 'yan kai, matsakaicin gudunsa kilomita 46.5 a awa. Zafin ɗakin digiri 23 ne, ba a kunna iyakwandishan, ba a kunna hita. Na China, CLTC, ya fi wannan sanyin jiki, domin matsakaicin gudunsa bai wuce kilomita 29 a awa ba, tafiyar cunkoson birni kenan. Na Amurka, na hukumar kare muhalli ta EPA, shi ne mai tsauri a cikinsu, saboda bayan an gama gwaji yawanci akan zaftare kusan kashi 30 cikin ɗari na sakamakon kafin a rubuta. Ɗauki BYD Atto 3 mai babban batir, wadda a China ake kira Yuan Plus. A can takardarta ta ce kilomita 510, a Turai ta ce 420. Mota ɗaya, batir ɗaya, kilomita 90 sun ɓace tsakanin ofis da ofis. Wanda aka ce wa mota tana yin 510, abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne da mudun wa aka auna.

Tankin lita takwas da rabi

Ana auna cikin batir da kilowat-awa, wato dai yunit ɗin da mai mitar kati ke saya. Hyundai Ioniq 5 ta 2023 mai babban batir tana ɗaukar yunit 77.4. Litar fetur ɗaya kuwa tana ɗauke da kuzarin da ya kai kusan yunit 9. In aka yi lissafi, duk wannan batir mai nauyin ɗaruruwan kilo bai fi tankin lita takwas da rabi ba. Abin da ya sa yake kai mota nesa shi ne injin lantarki ba ya ɓarna: kusan kashi 90 na wutar da ta shige shi tana zama juyin taya. Injin fetur kuwa kusan kashi uku cikin huɗu na man da ya sha zafi yake zama, ya fita ta salansa da lagireto.

Wannan tsimi shi ne kuma raunin motar. Mai abin hannu kaɗan, duk abin da aka ɗiba sai ya ji a jikinsa. Babban mai ɗiba a doguwar tafiya kuwa iska ce. Turjiyar da iska ke yi wa mota ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkin gudun a kan kansa take bi. Daga kilomita 90 a awa zuwa 130, gudu ya ƙaru da ƙasa da rabi, amma turjiyar iska ta ninka biyu har da ɗoriya. Motar fetur ma haka take fama, sai dai ɓarnar da injinta ke yi tun asali tana rufe bambancin, ga tanki babba, ga gidan mai a kowane gari, direba bai cika lura ba.

Don haka abin da direbobi suka saba da shi ya juye. Motar fetur a cikin gari take shan mai, a babban titi ta huta. Motar lantarki a cikin gari take hutawa: in ta tsaya a danja ba ta cin komai sai abin da iyakwandishan ya ci, in direba ya ɗaga ƙafa daga totur injin ya koma janareto yana mayar da wuta cikin batir. A babban titi babu tsayawa babu birki, sai iska kawai ake ta tura wa.

Mu koma kan Ioniq 5 ɗin mu yi lissafi a fili. Takardar Turai ta ba ta kilomita 507. Wutar da ake iya amfani da ita a batirin ta kai kamar yunit 74. A gudun 120, mota mai irin wannan jiki takan sha wajen yunit 22 a kowace kilomita 100, wanda ya ba mu kilomita 335 ko kusa da haka. Babu mai hankalin da zai bari batir ya kai sifili a daji, saboda haka a ajiye kashi 10, saura kamar 300. Wannan shi ne zangon farko, na wanda ya kwana yana caji a gida ya fito a cike. Daga nan kuwa, saboda dalilin da za mu zo kansa, a hanya ba a cika wuce kashi 80 ba. Daga 80 zuwa 10 kashi 70 kenan, yunit 52, kilomita 235. To wannan ita ce lambar da matafiyi ke rayuwa da ita tsakanin tasha da tasha, ƙasa da rabin abin da ke takarda, kuma babu wanda ya cuce shi.

Akwai labaran da kamfanoni ke son a ji. A 2022 motar gwaji ta Mercedes, Vision EQXX, ta tashi daga Stuttgart ta Jamus ta isa Silverstone ta Ingila, kilomita 1,202, ba tare da caji ba. Gaskiya ne, amma mota ce siririya da aka sassaƙa don ta ratsa iska, ba a kuma sayar da ita. A ɗora wa mota kaya a rufi, ko a ja tirela da ita, ko a sa mata manyan tayoyin ado, lissafi ya canja. Jan tirela kaɗai yana iya cinye rabin nisan.

Sai yanayi. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motoci biyar. A sanyin digiri 7 ƙasa da sifili, da hita a kunne, nisa ya ragu da kashi 41. A zafin digiri 35, da iyakwandishan a kunne, ya ragu da kashi 17. Sanyi ya fi ɓarna ne saboda motar fetur kyauta take samun ɗumi daga zafin injinta, ita kuwa wannan sai ta ƙona wutar batir ta ɗumama mutane, ta kuma ɗumama batirin kansa. A Norway, inda kusan kashi 89 na sababbin motocin da aka saya a 2024 na lantarki ne zalla, ƙungiyar masu motoci ta NAF da mujallar Motor suna da wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sau biyu a shekara, da ɗari da kuma lokacin zafi, sukan jera motoci daga Oslo a nufi arewa cikin duwatsu, a yi ta tafiya har kowace ta mutu a gefen titi, a rubuta inda ta tsaya. A galibin shekaru, giɓin da ake samu da ɗari yana tsakanin kashi 10 da 30 na abin da takarda ta ce.

Zafi ba ya cin nisa sosai, shekarun batir yake ci. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010 da batir mai yunit 24, ba ta da ruwan sanyaya batir. Zuwa 2012 masu ita a Phoenix ta jihar Arizona, garin da zafinsa ke haura digiri 40, sun fara kukan batir yana tsufa da wuri. Mafi yawan motocin yanzu ruwa ke zagaya batirinsu, kuma ga mai zaune a ƙasa mai zafi wannan ya fi girman allon da ke gaban direba muhimmanci.

Me ya sa ake tsayawa a kashi 80

Wutar da ke zuwa gida AC ce, wato mai kai da komo a cikin waya, batir kuwa DC kaɗai yake karɓa, wato mai gudu ta fuska ɗaya. A cikin kowace motar lantarki akwai na'urar da ke juya wannan zuwa waccan, amma ƙarama ce, yawanci kilowat 7 zuwa 11, wadda ke cika babban batir a dare guda. In a soket ɗin bango aka jona, mai kilowat biyu da 'yan kai, sai a kwana a wuni ba a cika ba. Tashar caji mai sauri tana da tata na'urar juyin, ƙatuwa kamar firji, wadda ke zuba DC kai tsaye cikin batir. A nan ne ake jin kilowat 50, 150, 250, 350.

Ga yadda abin yake in mutum ya tsaya a irin wannan tasha da saura kashi 10. Zai ciro kebul mai kauri da nauyi, wanda a manyan tashoshi ruwan sanyaya ke zagayawa a cikinsa, ya cusa a mota ya ji ƙas, ya kulle. Sai wasu daƙiƙu na shiru, mota da tasha suna tantance juna, ana duba ko babu inda wuta ke yoyo. Daga nan lamba ta fara hawa a allo, 60, 140, 220, fankokin mota su tashi da huci kamar za ta tashi sama. Kafin ya dawo daga bayi batir ya kai rabi. Amma in ya tsaya yana kallo zai ga lambar ta fara gangarowa, kuma da an haura kashi 80 sai ta faɗi warwas, ta koma 50, ta koma 30. Kashi 20 na ƙarshe kan ci lokacin da ya kai na kashi 70 na farko.

Ba tashar ce ta gaji ba, kwamfutar motar ce ke rage wutar da gangan. Caji dai tura ƙwayoyin litiyam ne daga ɓangare ɗaya na batir su je su shige tsakanin sassan garafait a ɗaya ɓangaren. Kamar masallacin Juma'a ne: wanda ya zo da hantsi inda ya ga dama zai zauna, wanda ya zo liman na kan mumbari sai ya yi ta ratsa sahu yana neman gurbi. In aka matsa wa ƙwayoyin lamba alhali gurbi ya yi ƙaranci, sai su taru a waje su daskare su zama ƙarfe. Wannan yana rage cikin batir har abada, in ya yi muni kuma yana iya huda shingen da ke tsakani ya jawo gobara. Haka ma in batir ya yi sanyi, ƙwayoyin ba sa shiga da sauri. Shi ya sa motocin zamani, in direba ya sa tashar caji a taswirar motar, sukan fara ɗumama batir tun ana hanya. A Janairun 2024, da sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili a Chicago, motoci sun yi cirko-cirko a tashoshin caji, wasu har sai da aka ja su. Da yawa sun iso ne da daskararren batir da wuta 'yar kaɗan, cajin da aka saba yi a rabin awa ya koma na awanni, na bayan layi suka mutu suna jira.

Saboda haka lambar da kamfani ke tallatawa, cewa mota tana karɓar kilowat 250, ƙololuwa ce da wataƙila minti biyu kawai za ta yi a kai. Lambar da ta fi amfani ita ce minti nawa daga kashi 10 zuwa 80. Ioniq 5, a tasha mai 350, minti 18 ne. 'Yar gidansu, Kona Electric mai yunit 64, takardarta ta ce kilomita 484, kusan kai ɗaya da Ioniq ɗin, amma ita sai ta yi minti 47. A tafiyar kilomita 1,000, in an fito a cike, kowace za ta tsaya kamar sau uku. Ɗaya ta ɓata ƙasa da awa guda a jone, ɗayar ta kusa awa biyu da rabi. Wanda ya saya da kallon nisa kaɗai ba zai ga wannan ba sai ranar da ya yi lodin iyali.

Bambancin ya samo asali ne daga ƙarfin turin wuta. Galibin motoci batirinsu na bolt 400 ne. Kebul ɗin galibin manyan tashoshi yana ɗaukar amfiya 500, wato yawan wutar da ke gudu a cikinsa, in aka ninka da bolt 400 aka sami kilowat 200, nan ne iyaka. In ana son ƙari ta hanyar ƙara amfiya, zafi zai yi yawa, kebul ya yi nauyin da mutum ba zai iya ɗaga shi ba. Sai Porsche ta fito da Taycan a 2019 da bolt 800, Hyundai da Kia suka biyo baya a motocin da suka fi araha. Kebul ɗaya, wuta ninki biyu.

Wannan ne ya koya wa direbobin da suka goge wata dabara da ke ba sababbi mamaki. Ba sa cikawa. Sukan iso da kashi 10, su sha abin da zai kai su tasha ta gaba, ko da kashi 60 ne, su cire su wuce. Gajerun tsayuwa huɗu sun fi dogaye biyu sauri. Game da gudu kuwa, ya danganta da motar: mai saurin caji tana mayar da abin da gudu ya ci cikin 'yan mintoci, amma ga mai jinkirin caji, sauri ya haifi nawa, abin da aka ci a titi a tasha ake biyansa.

Duk da haka kada a ruɗi kai a ce an kamo fetur. Famfon gidan mai yana zuba kusan lita 40 a minti, wanda in aka mayar da shi lissafin wuta ya kai kilowat dubu 20. Ko an cire ɓarnar inji, tazarar na nan da yawa. Abin da ke rufe ta shi ne jikin ɗan Adam: bayan awa biyu ko uku a kan sitiyari, dama akwai salla, akwai abinci, akwai yara.

Tashar da ke taswira da tashar da ke aiki

A bazarar 2023 sakatariyar makamashi ta Amurka a lokacin, Jennifer Granholm, ta yi tafiyar kwana huɗu da ayarin motocin lantarki daga Charlotte zuwa Memphis, don ta nuna wa jama'a abin ya nuna. A Grovetown ta jihar Georgia, 'yan share fagenta suka tarar da tasha mai kai huɗu, ɗaya ya lalace, sauran ana amfani da su. Sai wani ma'aikaci ya ajiye motar fetur a gurbin da ya samu, yana kama wa uwar ɗakinsa wuri. Wasu iyali da jariri a mota, ga rana na dukansu, suka ga ba za su lamunta ba, suka kira 'yan sanda. Wakiliyar gidan rediyon NPR na cikin ayarin, ita ta ba da labarin. Shekara guda kafin nan, masu bincike daga jami'ar California da ke Berkeley sun bi kawunan caji 657 a tashoshi 181 na yankin San Francisco ɗaya bayan ɗaya, ban da na Tesla, suka tarar kashi 72.5 ne kawai ke aiki. Sauran ko allo ya mutu, ko kati ya ƙi karɓuwa, ko kebul bai kai ga mota ba.

A ganina wannan shi ne ainihin ciwon, ba nisan batir ba. Mai motar da ya tabbata tasha na gaba za ta yi aiki zai shiga da kashi 5 hankalinsa kwance. Wanda bai tabbata ba dole ya riƙe abin da zai kai shi tasha ta biyu, kashi 25 ko 30, ka ga an sake yanke masa nisa ba tare da an taɓa motarsa ba.

Tesla ta gane haka da wuri. A Satumbar 2012 ta buɗe tashoshi shida a California, yau kawunan cajinta a duniya sun haura dubu 60. Mota tata ce, tasha tata ce, manhaja tata ce, direba ya jona kawai kuɗi ya fita da kansa, kuma takan jera kawuna da yawa a wuri ɗaya ta yadda lalacewar ɗaya ba ta tsayar da kowa. Sauran tashoshin kuwa daga wurare dabam-dabam suka fito. Electrify America, alal misali, daga hukuncin da aka yi wa Volkswagen kan maguɗin hayaƙin dizal ta samu, dala biliyan 2 da aka wajabta wa kamfanin kashewa. Ionity ta Turai haɗin gwiwar BMW da Mercedes da Ford da rukunin Volkswagen ce tun 2017. Irin waɗannan sai sun yi mu'amala da motocin kamfanoni barkatai, kowace da halinta.

Ga kuma rikicin filogi. Japan tana da CHAdeMO, Turai CCS2, China GB/T, Amurka kuwa ta daɗe a rabe tsakanin CCS1 da na Tesla. A Mayun 2023 Ford ta sanar za ta koma filogin Tesla, wanda ake kira NACS, General Motors ta bi a Yuni, kafin shekara ta ƙare kusan kowa ya miƙa wuya. Ba don filogin ya fi kyau kaɗai ba ne, tashoshin da ke bayansa suke so.

Hukumomi sun shigo da doka. Tarayyar Turai ta wajabta tashar caji mai sauri a kowace kilomita 60 a kan manyan hanyoyinta zuwa ƙarshen 2025, da kuma karɓar katin banki a sababbin tashoshi, don a daina tilasta wa matafiyi sauke manhaja a kowace ƙasa. Amurka ta ware dala biliyan 5 a dokar 2021, da sharaɗin tasha a kowace kilomita 80, kawuna huɗu masu kilowat 150, su kuma yi aiki kashi 97 na lokaci. Tasha ta farko a wannan shiri ba ta buɗe ba sai Disambar 2023, a Ohio. Kafa injin ba shi ne wahala ba, jawo masa wuta ne.

A nan ne kuɗi ke shigowa. Tasha mai kai takwas na 350 tana iya neman megawat 2.8 a lokaci guda, kuma kamfanonin wuta a ƙasashe da yawa suna cajin irin wannan abokin ciniki bisa ƙololuwar abin da ya ja a wata, ko da sau ɗaya ya ja. Tashar kan hanya kuwa mafi yawan kwanaki a zaune take, tun da a Amurka kusan kashi 80 na caji a gida ake yi, sai ranar biki ta cika ta batse. A China, wadda ta fi kowace ƙasa yawan tashoshi, layin awanni a wuraren hutawa na manyan hanyoyi lokacin bikin sabuwar shekara da hutun Oktoba ya zama labarin kowace shekara. Wa zai biya kuɗin kawunan da sau biyu a shekara ake buƙatarsu? Matafiyi ne. A Janairun 2020 Ionity ta mayar da yunit yuro 0.79 ga wanda ba shi da rajista. A yunit 22, kilomita 100 ta haura yuro 17, abin da ya fi na dizal tsada a lokacin. Arahar motar lantarki a garejin gida take.

China na gwada hanyoyi biyu na rage jira. Kamfanin motoci na NIO yana musanya batir ne gaba ɗaya cikin kamar minti uku, yana da tashoshi sama da 3,000, ko da yake kamfanin Better Place ya gwada haka a Isra'ila ya karye a 2013. BYD kuwa a Maris 2025 ta nuna cajin kilowat 1,000, ta ce kilomita 400 a minti biyar, da mudun China ba shakka.

Inda layin wuta bai kai ba fa? A Ostareliya, a kan hanyar Eyre da ke ratsa jejin Nullarbor, akwai wani miƙaƙƙen titi na kilomita 146 babu kwana ko ɗaya, wanda ya ƙare a zangon Caiguna. A farkon 2022 wani injiniya mai ritaya, Jon Edwards, ya kafa caji mai kilowat 50 a wurin, da janareton da ke shan tsohon man suyar dankali na ɗakin abincin zangon. Abin dariya ne a ji, amma ya toshe giɓin da ya hana motoci ƙetarawa.

Wannan ya fi kama da halin da Nijeriya ke ciki fiye da labarin Norway. Kona ɗin da muka ambata ita ce kamfanin Stallion ya haɗa a Legas ya ƙaddamar a 2020, kuma a 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar gwaji mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 sha'awa ta ƙaru. To amma Abuja zuwa Kano ya haura kilomita 400, kuma bisa lissafin da muka yi, motar da takardarta ta ce 500 ba za ta yi shi a zango ɗaya da gudun da ake yi a wannan hanya ba, balle a watan Afrilu da iyakwandishan a ƙure. Dole ta sha a Kaduna ko Zariya. Tasha mai kai huɗu na 150 kuwa kilowat 600 take nema, fiye da taransifoma mai kVA 500 da unguwa guda ke rabawa. In da sola za a yi, motoci 20 a rana kowace yunit 50 sun kama yunit 1,000, wato faifai kamar 400 manya, da batirin ajiya da zai tara wutar ya zuba ta a minti 30.

Shi ya sa nake ganin motocin haya masu hanya ɗaya, irin ƙananan bas ɗin da Mustapha Gajibo ya mayar na lantarki a Maiduguri, su ne za su fara biyan kuɗin irin wannan jari, domin an san inda za su kwana da yawan wutar da za su sha kowace rana. Mai motar kansa da ke son fita gari kuwa yana da wata damuwar tun kafin wannan. Motoci suna shigowa ta ko'ina: ta China da GB/T, ta Amurka da CCS1 ko NACS, ta Turai da Dubai galibi da CCS2. Adaftan da ke haɗa GB/T da CCS a caji mai sauri ba guntun roba ba ne, yana da kwamfutarsa a ciki da ke fassara tsakanin mota da tasha, yana da tsada, kuma ba kowace mota yake yarda da ita ba.